Ƙyashi suna ɗaya ne, amma iri-iri ne

Akwai cizon da ake ji da dare a tsakar gida ba tare da an ji kukan sauro ba. Sau da yawa aikin ƙyashi ne, ɗan ƙwaron da tsawonsa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, mai gashi a jiki, wanda ke tashi shiru yana tsalle-tsalle, kuma yana iya ratsa ramukan gidan sauron da ba a sa wa magani ba. Bahaushe ya ba shi suna ɗaya, masana kuwa sun ƙirga nau'insa kusan 1,000 a duniya. Fiye da 90 daga ciki ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna yaɗa cutar lishmaniya, wadda ke kama mutum 700,000 zuwa miliyan ɗaya a kowace shekara.

Nau'in cutar da aka fi sani a yankinmu shi ne na fata. Ƙurji ne ke fitowa a inda aka ciji mutum, ya fashe ya zama gyambo, ya ɗauki watanni kafin ya warke, sannan ya bar tabo na har abada. Idan tabon ya faɗo a fuskar yarinya, kowa ya san abin da zai jawo mata a garinsu. Kuma cutar ba baƙuwa ba ce. A Damagaram aka fara rubuta labarinta a Afirka ta Yamma, a 1911. An ba da rahotonta a Nijeriya a 1924, kuma likitoci a Sakkwato sun taɓa bayyana ɓarkewarta a wata makarantar kwana. A Wagadugu ta yi ƙamari tun daga 1996, har mutane suka laƙaba mata sunan sabuwar unguwar Waga 2000.

Babban mai ɗaukar ta a wannan shiyya ta Sahel shi ne nau'in da ake kira Phlebotomus duboscqi. Yana fakewa a ramukan ɓerayen daji, a jikinsu yake kwaso ƙwayar cutar, ya kai wa mutum. Ƙyashi ba ya hayayyafa a ruwa kamar sauro. Ƙasa mai ɗan danshi da ruɓaɓɓen abu yake so: tsagar katangar laka, gindin rumbu, turken dabbobi, jujin taki, suri. Wanda ya san gonakin arewacin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, Minjibir da Ɗambatta, inda gona ke manne da gona, tumaki ke kwana a cikin gida, ake tara taki duk rani don a kai gona kafin damina, zai ga cewa na lissafa masa gidan manomi ne kawai. Wannan tsari ne ya riƙe albarkar ƙasar shekaru aru-aru, kuma babu mai hankalin da zai ce a watsar da shi. Abin tambaya shi ne wane ƙyashi ne ke zaune a cikinsa.

Tambayar tana da nauyi, domin yawancin ƙyashin da tarko ke kamawa a Afirka ta Yamma ’yan zuriyar Sergentomyia ne, waɗanda suka fi son jinin tsaka da ƙadangare. Feshin magani a kansu asarar kuɗi ce. A gefe guda kuma, idan mai ɗauke da cutar yana nan aka ɗauke shi ɗan uwansa marar illa, ma'aikacin asibitin ƙauye zai ci gaba da wanke gyambon yana ba da maganin da ba nasa ba.

Tsohuwar hanyar tantancewa aikin haƙuri ce. Sai an cire kan ƙwaron, an duba haƙoran da ke cikin maƙogwaronsa da jakar ajiyar maniyyin macen a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ana gwadawa da zane-zanen littattafai irin wanda Abonnenc ya wallafa da Faransanci a 1972. Masu wannan ido kaɗan ne, kuma matan wasu nau'o'in sun yi kama har su rikita gwani.

A 2003 ne Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya kawo shawarar a riƙa karanta wani ɗan yanki guda na DNA, mai haruffa kusan 650, daga ƙwayar gadon da ake kira COI. Jerin haruffan kusan ɗaya ne a tsakanin ’yan nau'i ɗaya, ya kuma bambanta da na wani nau'in, kamar layukan baƙi da fari da ake bugawa a kwalin kaya. Ƙafa ɗaya ta ƙwaron ta isa. A cire DNA, a ninka shi da na'urar PCR, a karanta, a kwatanta da abin da ke cikin rumbunan bayanai na BOLD da GenBank. Daga cikin macen da ta sha jini kuma ana iya gano jinin wa ta sha, na mutum ne, na akuya ko na ɓera.

Ra'ayina shi ne hanyar ta cancanci kuɗinmu, amma da sharaɗi. Kwamfuta ba ta san sunan ƙwaron da ba a taɓa ajiye mata samfurinsa ba. Idan jerin ƙyashin Tsanyawa bai dace da komai a rumbun ba, za ta miƙo mafi kusa da shi, wataƙila na wata ƙasa mai nisa, mai gaggawa kuma ya rubuta shi a matsayin amsa. Saboda haka aikin farko shi ne a kafa tarko a turke da bakin ramin ɓera, rani da damina, gwani ya tantance kowane ƙwaro da ido, a karanta DNA ɗinsa, a ajiye gangar jikin a nan gida. Haka kuma ganin DNA na cutar a cikin ƙwaro bai tabbatar da cewa shi ke yaɗa ta ba. An same shi a wasu ’yan Sergentomyia a Mali da Gana, amma zai yiwu jinin mai cutar kawai suka sha.

Kayan aikin ba su fi ƙarfinmu ba. Ana amfani da PCR a Jami'ar Bayero wajen rarrabe sauron zazzaɓin cizon sauro, kuma cibiyar ACEGID da ke Ede ce ta fara karanta jerin ƙwayar korona a Afirka a Maris 2020. Abin da ya rage shi ne Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano ta haɗa kai da jami'o'in, a ware kuɗin tarko da na ɗaliban da za su kwana a ƙauye, a kuma umarci ƙananan asibitoci su riƙa rubuta duk gyambon da ya wuce wata guda bai warke ba, tare da sunan ƙauyen mai shi, domin masu tarko su san inda za su fara.