Gizo Da Na'ura Cikin Labari Ɗaya

Tun da Rasha ta harba kumbonta na farko a 1957, Amurkawa kuma suka taka wata a 1969, marubuta suka ƙara himma wajen ƙaga labaran na'urori da tafiya cikin taurari. Waɗansunsu kuwa suna gauraya wannan da tatsuniyoyin kakanni cikin gajerun labarai. Akwai malaman da ke ganin abin sharholiya ce. To, ya kamata a auna shi tukuna kafin a yanke hukunci.

Da fari dai, abin ba baƙo ba ne. Cikin Dare Dubu Da Ɗaya akwai dokin katako wanda in an murɗa masa wani ƙusa sai ya tashi sama da mahayinsa. A 1969 Umaru Dembo ya fito da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda wani yaro, Kilba, ya yi yawo a sararin samaniya.

Amfanin gaurayawar ya fi bayyana a wani gajeren labari na Turanci da Nnedi Okorafor, Ba'amurkiya 'yar asalin ƙasar Ibo, ta fitar a 2008. A ciki an ƙera na'urori masu siffar gizo-gizo, aka sa musu sunan Anansi, watau Gizon mutanen Gana, suna gadin bututun mai a Neja Delta, suna kashe duk wanda ya taɓa shi. Wanda ya san labarin macijin rijiyar Kusugu ta Daura, mai hana ɗiban ruwa sai ran Juma'a, nan take zai gane. Dodon nan ne dai na dā ya sake jiki, ya tsaya tsakanin talaka da arzikin ƙasarsa. Tatsuniya ta ba mai karatu ma'aunin da zai auna sabon abu da shi.

Amma fa da sharaɗi biyu. Na ɗaya, Gizo da Ƙoƙi da Dodo kayan tatsuniya ne, marubuci ya sarrafa su yadda ya so. Mala'iku da aljannu kuwa Alƙur'ani ya ambace su, kada a mai da su fasinjojin kumbo. Na biyu, ya zama an san ƙage ne, kamar yadda mai tatsuniya ke rufewa da ƙurunƙus, kowa ya san an fita daga duniyar Gizo.

Yaran yanzu waya na hannunsu, labaran ƙetare na zuwar musu dare da rana. In ba su iske Gizo cikin labarin na'ura ba, lalle za su ɗauki na'urar su bar Gizo. Saboda haka malamai su duba irin waɗannan rubuce-rubuce su gyara, 'yan kasuwa masu hali kuma su ɗauki nauyin bugawa. Allah ya sa a dace, amin.