In Ruwa Ya Yanke Hanya a Lokoja, Wa Zai Fara Samun Mai a Gumel?

'Yan uwa matasan ƙasar Lautai, na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Damina ta kankama, kuma akwai maganar da na daɗe ina haɗiyewa. Yau dai zan faɗe ta, ko da wasu manyanmu za su ji ba daɗi.

Ku tuna watan Oktoban 2022. Kogin Neja da na Binuwai suka cika suka tumbatsa, ruwa ya hau titin Lokoja zuwa Abuja wajen Koton Karfe, tankokin mai suka yi jerin gwano suka kasa wucewa. Hukumar NMDPRA da kanta ta fito ta ce ambaliyar ce ta jawo layi a gidajen mai. Abuja ta fara ji, sannan Kaduna da Kano, mu kuma da muke can ƙarshen layi muka ji a jikinmu. A daidai wannan lokacin 'yan uwanmu na Haɗeja da Ringim da Kafin Hausa suna fama da tasu ambaliyar. Mu ƙasarmu jigawa ce, ruwan bai ci mu kamar yadda ya ci su ba, amma ruwan da ya cika a jihar Kogi shi ya kashe injin niƙa a unguwarmu.

Dalilin ba boyayye ba ne. Akwai daffon NNPC a Hotoro ta Kano, akwai bututun da aka shimfiɗa don turo mai daga matatar Kaduna, amma shekaru ke nan a bayan tanka man yake zuwa mana, daga Legas ko Warri ko Fatakwal. Kuma tankar da za ta hauro arewa sai ta tsallaka kogi, galibi ta Lokoja ko ta Jebba da Mokwa. Kun ga abin da ya faru a Mokwa a ƙarshen watan Mayun 2025, ruwa ya ci rayuka, ya karya gada. Matatar Ɗangote ta fara fitar da fetur a 2024, madalla, amma a Lekki take, ita ma tankarta sai ta bi waɗannan hanyoyin. Saboda haka wanda ya ce muku wahalar mai ta damina ta wuce, ku tambaye shi ko an matso da kogin ne.

To, ba zancen bututu ne ya sa na ɗauki waya ba. Wannan ya fi ƙarfina, ya fi ƙarfin shugaban ƙaramar hukuma. Abin da ke hannunmu shi ne: ranar da tanka ɗaya tak ta sauke mai a gari, wa zai fara sha?

Bari in tona wa kaina asiri. A waccan wahalar ta 2022, na isa wani gidan mai na tarar da layi har ya karya kwana. Ban shiga ba. Waya na ciro na kira wani da ya san manaja, aka buɗe min ta baya, aka cika min babur, har da jarka. Ina fitowa ina jin kaina wani ne. Da daddare maƙwabcina ya buga min ƙofa, matar ƙanensa tana naƙuda a wani ƙauye ta yankin Sule Tankarkar, haihuwar ta zo da gardama, mai motar da za su ɗauka ya ce tankinsa a bushe yake, ɗan bumburutun garin ma ya ɗaga tebur tun magariba. Jarkar nan da na samu ta bayan gida ita aka zuba aka kawo ta asibiti. Allah ya sauke ta lafiya. Mutane suka yi ta sa min albarka, ni kuwa kunya ce ta rufe ni. Domin mai motar nan da rana yana cikin layin da na tsallake. Ya yi awanni a rana, man ya ƙare kafin a zo kansa. Da ban tsallake ba, da ire-irena ba su tsallake ba, da ba sai an zo roƙona cikin dare ba.

Mu faɗa wa juna gaskiya, a ranar wahala motocin da ke shiga ta ƙofar fita yawancinsu masu hoton ɗan takara ne a jikin gilashi. Namu da na 'yan adawa, duk kanwar ja ce. Ɗan acaɓa da ya yi mana yawon kamfe kyauta yana tsaye yana kallo. Kuna jin ya manta? Wallahi bai manta ba, ranar akwati yake jira.

Na karanta abin da ya faru a Amurka a 2012, lokacin da mahaukaciyar guguwar nan Sandy ta daki New Jersey da New York. Man yana nan a ƙasa, amma babu wutar da za ta ɗago shi a gidajen mai da yawa, tashoshin sauke mai na bakin teku ma sun lalace. Layi ya yi tsawo har ana dambe. Gwamnan New Jersey na lokacin, Chris Christie, sai ya sa doka: mai lambar mota da ta ƙare da mara ya sha yau, mai cika ya sha gobe. Ba wata fasaha ba ce, ko mai unguwa zai iya tsara ta. Ba na cewa mu kwafa yadda take, rabin baburanmu ma ba su da lamba. Abin da na ɗauka shi ne an yi ƙa'ida ɗaya, kowa ya san ta, aka daina dogaro da wa ka sani.

Tamu ƙa'idar, a ganina, ta fara da motar asibiti da duk motar da ta ɗauko mara lafiya. Sai injin rijiyar burtsatse na unguwa, domin in ya tsaya, 'yan garuwa sun tsaya, mata da yara ne za su ɗauki bokiti. Sai masu injin niƙa. Sai 'yan acaɓa da direbobin haya, a yanka musu lita daidai wa daida, kada mutum ɗaya ya zo da jarka goma. Mu 'yan siyasa mu koma baya. A zauna da masu gidajen mai, da shugabannin ƙungiyar direbobi da ta 'yan acaɓa, da hakimai, a rubuta a takarda tun yanzu da ake da mai. In aka bari sai layi ya kafu, babu mai sauraron kowa.

Mutanen Maigatari sun fi kowa sanin wannan ciwon. Tun a Nuwamban 2019 da Kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, suka koyi sayen mai a galan da kwalba. Garin da duk Alhamis kasuwar dabbobinsa ke tara mutane daga Nijar da kudancin ƙasar nan, amma mazauninsa sai ya nemo mai kamar kayan sata. Shi ya sa ba na cikin masu zagin 'yan bumburutu. Yaranmu ne, rashin aiki ya kai su bakin titi, kuma da tsakar dare su kaɗai ke buɗe. Wanda nake da magana da shi shi ne mai gidan man da zai rufe famfo da rana ya ce babu, da dare ya ɗura wa dillali a durom.

Sai batun ajiya. Na san da an ji ƙishin-ƙishin ruwa ya hau hanya, kowa zai ruga ya cika jarka ya kai ɗaki. Don Allah kada mu yi. Wannan rige-rigen shi ke mayar da ƙarancin kwana uku ya zama na mako biyu. Kuma fetur a ɗakin da ake kunna maganin sauro, a gidan da ake girki da itace, ajali ne ka ajiye. Majiya ba nisa take da mu ba. Daren 15 ga Oktoban 2024 tanka ta faɗi, mutane suka fito kwasar mai, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu, yawanci matasa sa'anninmu. Allah ya jiƙansu. Tsada ce ta fito da su, tun bayan cire tallafi a Mayun 2023 lita ɗaya ta zama dukiya, na yarda. Amma in tanka ta faɗi a hanyar Gujungu gobe, ina so matasan jam'iyyarmu su zama masu kore mutane baya, ba masu riƙe da bokiti ba.

Kansilolinmu kuma, duk mai kuɗin aikin mazaɓa a hannu, ya mayar da burtsatsen unguwa ɗaya kan sola kafin ya sayo mana buhun shinkafar rabo. Rana dai ba ta bi ta Lokoja.

Ni na fara da kaina: lambar mutumin nan da ya san manaja na goge ta. Shugabannin matasa na mazaɓu, kowa ya rubuto min gidajen mai da burtsatse masu inji nawa ne a yankinsa, da wanda ke kula da su, kafin zamanmu na gaba. Wanda yake ganin jerin da na kawo bai yi ba, ya ce ga wanda ya kamata a sa a gaba, muna saurare.