Wanda ya dawo daga tafiya shi ya kamata ya fara zuwa gaisuwa

Shekara 22 na yi a Abijan ina saye da sayarwa a kasuwar Adjame. Da na dawo Wagadugu, Zangon da na bari babu shi. Tun 2003 aka rushe Zangouettin saboda shirin ZACA, aka watsa mutanenmu, wasu Ouaga 2000, wasu Nioko. Na ji labarin tun ina can, amma ji daban, tsayawa a filin da gidan mahaifinka yake a da daban.

Watanni ukun farko cikin fushi na yi su. Na zauna ina jira a zo gaishe ni, wai ni ne mai dawowa. Komai sai na kushe: zafi, ƙura, yaran da Mosanci da Faransanci suka fi Hausa zama a bakinsu. Rannan gwaggona ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, ranar da muke ɗora kayanmu a amalanke, kana ina?" Wallahi na rasa amsa.

Don haka 'yan'uwa masu shirin dawowa daga Kwaddibuwa, Gabon ko Makka, ga shawarata. Waɗanda suka zauna su suka yi jinyar iyayenmu, su suka binne su. Suna bin mu bashi, kuma tsaraba ba ta biyansa. Ka hau babur, ka bi su unguwa-unguwa, ka yi ta'aziyyar da ta wuce ka, ka tambayi sunayen yaran da aka haifa ba ka nan. Zumunta a ƙafa take. Allah Ya sa mu gane.