A BIYA KAFIN KATAFILA TA SHIGA GONA

Ran Jumma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga Masallacin Shehu, wani dattijo da ya zo ziyara Hubbare daga ƙauye ya ratso ofishinmu. Ba kati ya zo yanka ba, ba kuwa roƙo ya kawo shi ba. Ya zauna bisa benci, ya jingine sandarsa, ya ce: "Malam, ku da ku ke karanta takardun Gwamnati, ku duba mini abu guda. Bara an kafa turaku masu jan fenti a gonata. Bana an tuge su an kai gonar maƙwabcina. Yanzu kuma na ji wai za a komo da su. Shin gonata tana cikin hanya ko ba ta ciki? In kai taki, ko kada in kai?" Muka ce, "Baba, wa ya kafa turakun?" Ya ce waɗansu samari ne a mota, ko mai gari ba su gaisar ba.

Ba za mu faɗi ƙauyensa ba, ko hanyar da ake shirin ja musu, domin abin da ya same shi ba na hanya guda ba ne. Tambayarsa ce mu ke son mu ɗora yau a gaban masu mulki.

Tun da fari, kada wani ɗan koren Gwamnati ya tashi gobe ya ce 'yan hamayya ba sa son hanya. Ƙarya ce. Wanda ya taɓa ɗora albasa a mota daga Sakkwato ya ga rabinta ta ruɓe kafin ta isa Ikko, ba sai an yi masa wa'azin amfanin hanya ba. A watan Oktoba na 2024 aka yi bikin fara babbar hanyar da za ta tashi daga Illela, bakin iyakar Nijar, ta ratsa Sakkwato da Kebbi da Neja da Kwara da Oyo da Ogun, ta tsaya Badagiri a bakin teku. An ce tsawonta kilomita 1,068, ta kankare ce, kashin farko na Jihar Sakkwato kuwa kilomita 120, an ba kamfanin Hitech. Madalla. Muna son ta. Amma ba a sama za a shimfiɗa ta ba, a gonakin mutane ne.

Ga ɗan lissafi wanda ɗan firamare zai iya yi. Ma'aunin hanyar Tarayya da aka saba shi ne ƙafa 150 kowane gefe daga tsakiyar titi, watau ƙafa 300 ke nan a faɗi. Ko da a kan wannan tsohon ma'auni aka tsaya, kowace kilomita guda za ta ci hekta tara da 'yan kai, kilomita 120 kuwa ta ci kusan hekta 1,100. Ba a sa ramukan da za a ɗebi ƙasa ba, ba a sa sansanin ma'aikata ba. A ƙasar da magidanci ke riƙe da iyalinsa da 'yar gona da ɗan yankin fadama, ku ƙiyasta gidaje nawa ke nan.

To, ina matsalar? Matsalar tana cikin irin kwangilar. A da, in Gwamnati za ta yi hanya, injiniyoyinta ko waɗanda ta ɗauka su za su fara zana ta har ƙarshe. 'Yan safiyo su auna, a fitar da taswira, a san gonar wane ta shiga, gonar wane ta tsira. Sa'an nan a kira 'yan kwangila su yi takara a kan zanen da an riga an gama. Mai zane daban, mai gini daban, kowa na tsaron kowa. Yanzu kuwa an shigo da wani salo: kamfani guda shi zai zana, shi zai sayo kaya, shi zai gina, har a ce shi zai taimaka a nemo rancen kuɗin. A taƙarda suna rubuta shi EPC+F. Mu a Hausa muna da sunansa tun kaka da kakanni: wuƙa da nama a hannu ɗaya.

Masu yabon salon nan suna cewa ya fi sauri, kuma in hanya ta lalace an san wuyan wanda za a kama. Ba mu musa ba. Amma ku tambaye su daga ina saurin ya ke fitowa. Yana fitowa ne daga fara tono tun zane bai ƙare ba. Ana aiki a kilomita ta biyar, ana zana ta hamsin. Layin hanya ya zama kamar maciji, kansa ya wuce, wutsiyarsa na nan tana lilo. Kowa kuwa ya san ɗan kwangila ba don Allah ya ke aiki ba, don riba ne, kuma ba laifi ba ne. In layi ya ci karo da dutse ko kwari, kaucewa ta fi masa araha. In ya ci karo da gidan wani mai baki a Abuja, kaucewa ta fi masa lafiya. In ya ci karo da gonar gero ta talaka, me zai kauce wa? Ita ce wuri mafi sauƙi a duk taswirar.

Wanda ya ce zato mu ke yi, ya dubi Ikko. Hanyar bakin teku daga Ikko zuwa Kalaba, mai kilomita 700, kamfani ɗaya ne da tamu, salon kwangila ɗaya, Minista ɗaya, watau David Umahi. An fara aiki a watan Maris na 2024. Ƙarshen Afrilu aka sa katafila ta rushe gine-ginen wurin shaƙatawa na Landmark a bakin teku, masu wurin suna kukan cewa asalin layin ba ta nan ya bi ba. Bayan an fara rusau ne, a farkon Mayu, aka yi shelar biyan diyya ta fari, naira biliyan 2.75. A cikin watan nan na Mayu kuma Minista ya ba da sanarwar an sake shawara a kan layin a wajen Okun Ajah, domin kada a taɓa manyan wayoyin sadarwa da suka fito ta ƙarƙashin teku. Ashe layin yana iya kauce wa waya! Ku lura fa, waɗannan mutanen Ikko ne, masu lauyoyi da jaridu da talabijin. In haka ta faru da su, ina ga manomin da ko takardar gonarsa ba shi da ita, shaidarsa kawai kukar da kakansa ya bari a kan iyaka?

Sai mu zo ga doka, nan ne kuwa gizo ke saƙar. A watan Maris na 1903, 'yan kwanaki bayan yaƙin Giginya, Lugga ya tara manyan garin nan ya gaya musu cewa ikon ƙasa ya koma hannun Gwamnati, in kuwa tana bukatar fili za ta ɗauka. Turawa suka tafi, maganar ba ta tafi ba. Ta zama doka a 1910 da 1916, Gwamnatin Jihar Arewa ta sake mata riga a 1962, sojan Obasanjo suka shimfiɗa ta a kan Nijeriya duka da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, aka kuma cusa ta cikin Tsarin Mulki don kada a taɓa ta da sauƙi. Bisa ga wannan doka ƙasar jiha duka tana hannun Gwamna a matsayin amana. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke haƙƙinka saboda amfanin jama'a. Sashe na 29 ya ce abin da za a biya ka shi ne abin da ka ɗora a kan ƙasar, gini ko shuka ko itace. Ginin ma sai an rage kuɗin tsufansa. Ita kanta ƙasar, wadda ta ciyar da kakanka ta ke kuma jiran jikanka, ba ta da kuɗi a idon doka. Sai a ƙirga maka kan dawa na damina ɗaya, a karɓe damina ɗari.

Ku duba kuma yadda aka raba alhakin gida uku. Hanya ta Tarayya ce. Ƙasa a hannun Gwamna ta ke. Zane a hannun kamfani. Talaka ya je wurin kamfani, a ce masa mu aiki aka ba mu, ba mu biyan diyya. Ya je jiha, a ce hanyar Abuja ce. Abuja kuwa ko kuɗin motar zuwa ba shi da su. Da haka damina za ta wuce.

Duk da haka dokar nan ba ta rasa abin riƙewa ba, sai dai ba a karanta wa talaka shi. Sashe na 44 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce ba a karɓar dukiyar mutum da tilas sai da biyan diyya ba da jinkiri ba, da kuma damar zuwa kotu. Sashe na 6 na ita dokar ta 1978 ya ce wanda aka soke masa haƙƙin gonar gado da ya ke nomawa, ƙaramar hukuma ta ba shi wata a madadinta. Dokar 1992 ta ce babban aiki irin wannan sai an binciki abin da zai jawo wa mutane da muhalli, a baje rahoton jama'a su gani. To, a baje a ina? Rahoto mai kauri kamar tubali, da Turancin injiniyoyi, a cikin kabad ɗin wani ofishi, wannan ɓoyewa ce da sunan bajewa.

Mu mutanen ƙasar Sakkwato ba mu bukatar a ba mu labarin inda irin wannan ke ƙarewa. Mun gani a Bakolori. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya yana cikin waɗanda suka yi binciken madatsar, suka ba da shawarar a yi ta babba, shi ne kuma aka ba ginin, daga 1974 zuwa 1978. Ruwa ya ci garuruwa. Aka karɓi gonakin dubban manoma a ƙasar Talata Mafara da Maradun don a baje su a ja magudanai, aka sare itatuwa, mutane suka yi damina bayan damina ba shuka, diyya kuwa ta zama sai wanda ya san wani. Da haƙuri ya ƙare manoma suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu na 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai talatin ba. Waɗansu masu bincike sun ƙirga fiye da 380. Mutanen nan ba madatsa suka ƙi ba, haƙƙinsu suka tambaya. Yau kuma ga Minista yana yi mana albishir da madatsun ruwa masu yawa a gefen sabuwar hanya. Allah ya sa alheri, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Za su ce salon nan daga ƙasashen da suka ci gaba aka koyo shi. Gaskiya ne, amma an ɗauko doki an bar linzami. A Amurka, inda ake ba da irin wannan kwangila da yawa, akwai dokar 1970 da ta ce sai an kimanta dukiyar mutum, an yi masa tayin kuɗi a rubuce, an biya shi kafin a karɓa, kuma ba a tashinsa sai da sanarwar kwana 90 bayan an nuna masa inda zai koma. Ƙa'idodinsu na hanyar da kamfani guda ke zanawa ya gina sun hana shi fara aiki a filin da ba a gama mallaka ba, sun kuma tanadi a bar tazara tsakanin injuna da gidan da mutane ba su tashi ba tukuna, kada a toshe musu hanya, kada a yanke musu ruwa da wuta. Ba don 'yan kwangilarsu waliyyai ne ba. Don sun san halin mai wuƙa da nama ne.

Ba ma sai mun haye teku ba. Malamanmu suna ba da labarin Sayyidina Umar, da ya so ya faɗaɗa Masallacin Madina, gidan Abbas ya tare wurin. Abbas ya ƙi sayarwa. Halifa bai aika a rushe ba, ya yarda aka je gaban mai hukunci, hukunci kuwa bai ba shi ba, sai daga baya Abbas ya bayar don kansa. Masallacin Annabi ke nan fa, ba hanyar mota ba. Waɗanda cikinmu suka zauna ajin mishan sun san ko sarki Ahab, da duk muguntarsa, sai da ya fara yi wa Nabot tayin kuɗi ko musanyar gona. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya rubuta littafi sukutum a kan yadda ake mallakar ƙasa. Manyanmu suna zuwa Hubbare lokacin zaɓe, su tuɓe takalma, su ɗaga hannu, a ɗauki hoto. Da sun tsaya sun tambayi abin da ya fitar da Shehu daga Degel a 1804, da an gaya musu cewa ƙwace dukiyar talakawa yana cikin abin da ya zargi sarakunan zamaninsa da shi.

Abin da jam'iyyarmu ke nema ba shi da wuya. Kowane yanki na hanya, a gama zanensa a sa hannu kafin a taɓa ƙasa, a manna taswirar a ƙofar hakimi da sakatariyar ƙaramar hukuma, a yi bayaninta da Hausa a rediyo da kasuwa. In an kafa turke, ya kafu. In kamfani ya ga dama ya matsa da layi don sauƙin kansa, ya biya manomin da ya hana shuka daga aljihunsa, ba daga baitulmali ba. A yi ƙirgar gonaki da rana tsaka, gaban mai gona da mai gari da maƙwabta, a ba mutum takardarsa a hannu, a karanta sunaye a bainar jama'a, domin mun san yadda sunayen aljannu ke shiga irin wannan jeri su fi masu gona samu. Kada wanda kamfani ke biya albashi ya zama shi ne mai kimantawa. A tuna da mai aron gona, da matar da ta gaji kaso, da makiyayin da za a datse wa burtali. Fadama a musanya ta da fadama. Sa'an nan, kuɗi su shiga hannu tukuna, katafila ta biyo baya. Ranka ya daɗe Gwamna, sa hannunka ne ke soke haƙƙin mutum, ba na kamfani ba. Kana da ikon ka ce ba ka sawa sai an biya.

Ku kuma 'yan'uwa manoma, kada ku tuge turke, kada ku taɓa ma'aikaci, kada ku ba su hujjar kiran 'yan sanda. Amma kada ku dangwala yatsa a takardar da ba a karanta muku ba. Ku ƙirga itatuwanku tun yau, kuka da ɗorawa da mangwaro da giginya, ku auna gona da igiya gaban shaidu biyu, ku sa yaro ya ɗauki hoto da waya. Dattijon nan mun gaya masa ya kai takinsa ya shuka, tun da ba wanda ya ba shi sanarwa a rubuce. Mun rubuta masa takarda zuwa ga shugaban ƙaramar hukumarsu, mun ajiye kwafi. Wanda ke da irin wannan kuka ya same mu a ofis kowace rana ban da Jumma'a da safe, ya zo da sunan ƙauyensu da ranar da aka kafa turakun.