Ɗiya ba jingina ba ce: darasi daga wasan Amor Real

Masu iya magana na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mu da muke kwana muna tashi tsakanin Ƙonni da Ilela, ko Ɗan Isa da Jibiya, mun san gaskiyar wannan magana, domin da wuya a sami ɗan kasuwar da bai taɓa ɗaukar kaya bashi ba. Amma akwai wata hanyar biyan bashi da muke ganin ya kamata mu yi magana a kanta, kuma wani wasan talabijin na ƙasar Meksiko ne ya tuna mana da ita.

Sunan wasan Amor Real, wato soyayyar gaskiya da harshen Sifaniyanci. Kamfanin Televisa ne ya fitar da shi a shekarar 2003, ƙarƙashin jagorancin Carla Estrada, kuma labarin ya faru ne a Meksiko ta ƙarni na 19, zamanin yaƙin basasa da keken doki. Tauraruwa Adela Noriega ce ta fito a matsayin Matilde, ɗiyar Janar Peñalver, wani dattijo mai asali wanda arzikin gidansa ya karye, ga kuma ɗansa Humberto yana ƙarasa abin da ya rage a wajen caca. Matilde tana son wani soja mai suna Adolfo Solís, wanda ba shi da komai sai albashinsa. Da uwarta Augusta ta gane haka, sai ta haɗa baki da Humberto aka jefa Adolfo a kurkuku, kana aka gaya wa yarinyar wai yana da mata da 'ya'ya a wani gari. Daga nan aka tura ta ga Manuel Fuentes Guerra, wani likita da ya gaji manyan gonaki, wanda ya ɗauke wa gidan nauyin bashi. Shi ma an ɓoye masa cewa zuciyarta tana wani wuri.

Jama'a, a nan ne darasin yake. Shi Manuel ɗin an haife shi ne ba ta hanyar aure ba, uwarsa Rosario talaka ce, kuma sai dab da mutuwa ubansa ya amsa cewa ɗansa ne. A ma'aunin Augusta, irin wannan mutum bai isa ya taka ƙofar gidanta ba. To amma da yake yana da dukiya, ta miƙa masa ɗiyarta, alhali ta kori Adolfo wanda laifinsa kawai talauci. Ashe asalin da take tutiya da shi yana da farashi, kuma da aka taya ta sallama.

Kada mu yi wa mutanen Meksiko dariya, domin muna da namu. Sau nawa muka ga an hana saurayi aure don kakansa mahauci ne ko maƙeri ko wanzami, amma da ya yi kuɗi ya sayi manyan motoci sai a manta da kakan? Sau nawa kayan mutum suka maƙale a hannun duwan, ko canjin naira da sefa ya cinye masa jari, maigidansa ya rufa masa asiri, bayan wata uku a ji an sa ranar ɗiyarsa da maigidan, ba tare da an tambayi yarinyar ba? A bainar jama'a a ce zumunci ne aka ƙulla, amma kowa a rumfa ya san lissafi ne aka rufe.

Wani zai ce ai a wasan ma Matilde ta dawo tana son Manuel. Haka ne, amma sai da aka sha zargi da kishi da zubar hawaye, har Adolfo ya biyo ta gonar mijinta da sunan ƙarya. Sannan marubuci ne ya ga dama ya shirya su da alƙalaminsa. A garuruwanmu babu mai wannan alƙalami. Abin da muka saba gani shi ne yaji, da zaman kotu, da yarinyar da ta gudu ta tsallaka iyaka, uban kuma ya rasa ɗiya ya rasa maigida, bashin yana nan.

Ba muna cewa iyaye su zuba ido ba ne. Haƙƙinsu ne su binciki addinin mai nema da halinsa da sana'arsa. Amma malamai sun karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) ya warware auren Khansa'u bint Khidam da ubanta ya ɗaura ba da sonta ba. Idan kasuwa ta juya mana baya, mu sayar da fili, mu nemi a ɗaga mana lokaci, mu koma ƙaramin tebur mu sake farawa. Mai ba da bashi kuma ya ji tsoron Allah, ya raba littafin bashi da neman aure. Idan yana son yarinya, ya bari a tambaye ta ba da takardar bashi a aljihunsa ba.

Allah ya rufa mana asiri, ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.