Wifi a Gidan Rumji: in dambu ya yi yawa, ba ya jin mai

Tun lokacin da gwamnatin ƙasarmu ta sa hannu ga yarjejeniya da kamfanin Starlink a watan Oktoba na 2024, kamfanin kuma ya fara aiki a Nijar cikin watan Maris na 2025, wata sabuwar sana'a ta bunƙasa a garuruwanmu. Mutum ya kafa faranti bisa rufin shagonsa, ya jawo intanet daga tauraron ɗan Adam, ya ɗora akwatin wifi bisa dogon ƙarfe, sa'an nan ya shiga sayar da tikiti na awa ko na yini. Wannan abin murna ne ga gunduma kamar ta Gidan Rumji, wadda ƙidayar 2012 ta samu tana da mutum fiye da dubu 500, mafi yawansu a karkara, daga Tibiri zuwa Cadakori, daga Gidan Sori zuwa Saye Sabuwa. Amma akwai tambaya guda wadda ya kamata mai saye da mai sayarwa su tsaya a kanta: shin akwati ɗaya mutum nawa yake iya ɗauka?

Bisa takarda, ƙa'idar wifi ta duniya ta yarda akwati ɗaya ya rubuta salula har 2007. Wannan lissafin rajista ne kawai. Wurin aiki kuwa, masana sukan ba da shawarar kada a wuce mutum 25 zuwa 50 a lokaci guda, gwargwadon ingancin akwatin. Dalili shi ne, wifi kamar zaman fada yake: a kan hanya guda ta iska, in ɗaya yana magana, sauran sai su saurara. Saurin juyawar ne ya sa muke zaton kowa yana magana tare. Wanda kuma ya zauna nesa, ko bayan katangar ƙasa, ko ƙarƙashin rufin kwano, saƙonsa a hankali yake tafiya, yana cinye lokacin na kusa. Mutum biyu ko uku na can ƙarshen unguwa sun isa su jinkirta jama'ar da ke gindin ƙarfen.

Abu na biyu shi ne ƙarfin intanet ɗin da ke shigowa. Akwati guga ne, intanet ɗin da aka jawo shi ne idon rijiya. Mu ɗauki misali: a ce layi yana kawo megabit 100 cikin daƙiƙa guda. In kowa yana kallon bidiyo mai cin megabit 2, mutum 50 sun shanye shi ƙaf. In mutum 200 suka hau, rabon kowa rabin megabit ne: saƙon murya na WhatsApp zai wuce, amma ɗalibin da ke neman sauko da darasi, sai dai ya yi ta jira. Ƙara akwatuna bisa layi guda yana rage cunkoson iska, amma ba ya ƙara ruwan rijiya ko da ludayi ɗaya. Cikin zangon iska na 2,4 gigahaz, wanda ƙananan salula da yawa ke aiki da shi, hanyoyi uku ne kawai ba su shiga juna. In maƙwabta huɗu ko biyar suka kafa akwatuna a bakin tasha guda, sai su dinga toshe wa juna.

Masu wannan sana'a za su ce: ai ba dukan masu tikiti ke hawa lokaci guda ba, kuma yawan masu saye shi ne ke sa kuɗin ya sauko har talaka ya iya biya. Gaskiyarsu ne, manyan kamfanonin waya ma da wannan lissafi suke aiki. Sai dai ma'aunin gaskiya shi ne lokacin cunkoso: bayan sallar lisha, da ranar kasuwa, sa'ad da kowa ya fito da salularsa. Wanda ya auna da hantsi, gari ya watse gona, ya ruɗi kansa, ya kuma ruɗi jama'a. Karɓar kuɗin mutum ɗari biyu a kan abin da ya ishi hamsin, tauye mudu ne, ko da ba a ganin mudun da ido.

Saboda haka muna kira ga masu sayarwa da su rubuta a allo, da Hausa, a ƙofar shago: ƙarfin layinsu, da iyakar mutanen da za su hau lokaci guda, da rabon kowane tikiti. Na'urorin da ke buga tikitin suna iya ƙayyade wannan duka. Abin da ya rage niyya ce. Muna kira ga hukumar ARCEP, wadda doka ta ɗora wa kula da sha'anin sadarwa, da ta sa wannan allo cikin sharuɗɗan sana'ar. Su kuma perfe-perfe da magabatan garuruwa na Gidan Rumji, Agye da Gazawa, duk ranar da aka zo da shirin sa wifi a lakwal, ko gidan likita, ko ma'aikata, su fara da tambayoyi uku: mutum nawa, a wane lokaci, domin wane aiki? In aka amsa, sa'an nan a yi maganar kuɗi.

Ku kuwa ƴan'uwa da kuka fito daga azuzuwan yaƙi da jahilci, kun koyi karatu da lissafi domin kada a cuce ku wurin awon gyaɗa da wake. Wannan ma awo ne. Ku tambaya kafin ku biya, ku raba ƙarfin layi da yawan jama'a, ku bayyana wa waɗanda ba su sani ba. Daidai ruwa, daidai tsaki. Allah ya ba mu ikon tsare gaskiya cikin cinikinmu, ya ɗaukaka ƙasarmu Nijar.