Dangwala Yatsa Ba Ita Ce Yarda Ba

Zuwa ga Edita,

Ga ni kuma wannan mako ina roƙon ɗan filin da ka saba ba ni. Maganata yau da 'yan'uwana akawuna da malamai take, mu da a kan kira mu yi tafinta in baƙi sun zo gari.

Kwanan baya wani dattijo daga wajen Bakura ya same ni ran kasuwa nan Mafara, ya zaro takarda daga aljihu, ya ce, "Malam, karanta mini." Da Turanci take, shafi huɗu, ga shaidar yatsansa a ƙasa. Na ce, "Baba, me aka gaya maka kafin ka dangwala?" Ya ce cewa aka yi za a duba yaron kyauta. Da na karanta, ashe izini ya bayar a ɗebi jinin ɗansa, a sa shi cikin wani bincike na likitoci. Watakila binciken na alheri ne, ban ce a'a ba. Amma bawan Allah nan bai san abin da ya yarda da shi ba.

Wannan ya tuna mini da abin da ya faru a Kano a 1996, shekarar da sanƙarau ya kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya. Ana cikin annobar sai ma'aikatan kamfanin Pfizer na Amurka suka sauka a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, suka ɗauki yara wajen 200. Rabi aka ba su wani sabon magani mai suna Trovan, rabi kuwa aka yi musu allurar wani sanannen magani domin a gwada a gani, amma aka rage ta ƙasa da ƙa'ida. Yara 11 suka rasu, biyar cikin masu Trovan, shida cikin sauran. Waɗansu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfani ya ce aikin ciwon ne, kuma ya ce an yi wa iyaye bayani da Hausa sun yarda da baki. Iyaye kuwa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ne. Ga shi a asibitin nan ɗaya, likitocin agaji na ƙungiyar MSF suna ba da maganin da aka sani, kyauta. Uban da ya ɗauko ɗansa wuya a sanƙare, ina zai bambance wannan layi da wancan?

Sai a ƙarshen 2000 wata jaridar Amurka ta tono maganar, har ta bayyana takardar izinin gwajin ma an mai da kwanan watanta baya. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 kan dala miliyan 75, ba tare da kamfani ya amsa laifi ba. Kuɗin farko bai shiga hannun iyaye ba sai a 2011, shekara goma sha biyar bayan an rufe yaran, shi ma sai da aka gwada jininsu aka tabbatar 'ya'yansu ne.

Asarar ba ta tsaya nan ba. A 2003, da Kano da Zamfara suka dakatar da rigakafin shan-inna, labarin Trovan yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Shan-inna kuwa ta bazu daga nan har Indunusiya.

To, kada wani ya ce ina hana gwaji. Mu mutanen Mafara da Bakura da Maradun mun ga sanƙarau na 2017, ba labari aka ba mu ba. Sabuwar allurar rigakafinsa da Nijeriya ta riga kowace ƙasa farawa a 2024, a jikin 'ya'yan mutanen Mali da Gambiya aka gwada ta. Da iyayensu sun ƙi, da ba mu samu ba. Magani ba ya tabbata sai an gwada, kuma jikin yaro dabam da na babba.

Abin da nake kuka da shi mu ne, masu tsayawa tsakani. Likita ya yi magana mai tsawo, tafinta ya dunƙule ta ya ce, "Taimako ne, dangwala." Wani don gaggawa, wani don a ce ya tara yara da yawa. Kalma ɗaya ce ke yi mana nauyi, watau "gwaji", ita kuwa ya wajaba a fara faɗa. A gaya wa uba, uwa ma tana wurin, zama ita ke jinya, cewa akwai maganin da aka sani, kuma in sun ƙi ba za a kori ɗansu ba. Yaro mai wayo shi ma a tambaye shi. Takardar kuwa a rubuta ta da Hausa, boko da ajami, a bar musu tasu su kai wa malaminsu.

Dattijon nan na karanta masa shafi na uku, inda aka ce yana da ikon janye ɗansa duk ran da ya so. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce ba zai janye ba, amma zai koma ya tambaye su inda za a kai jinin.

Naka,
Akawu, Talata Mafara.